Agogon nutso ko kuronogiraf: wanne zai jure zaman Jidda?

Wani matashi da ke aiki a nan Jidda ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Baba, na tara riyal 1,200, ina son sayen agogon hannu na kirki, karo na farko a rayuwata. Guda biyu ne suka tsaya mini a rai. Ɗaya agogon nutso ne baƙi mai zobe a kewayen gilashi, ɗayan kuronogiraf ne irin na mutanen da, fuskarsa ruwan madara da ƙananan da'irori biyu. Na biyun ya fi shiga raina, amma abokaina sun ce na farkon ya fi ƙarko. Aikina kai kaya ne da mota, wata Juma'ar mukan je Ubhur mu yi iyo. Ɗaya tak zan iya saya. Wanne zan ɗauka?"

Ɗana, ɗauki na nutso. Na san ba wannan ranka ya so ji ba, saboda haka ba zan bar ka da umarni kawai ba, zan gaya maka dalili, sannan in nuna maka hanyar da za ka bi in har zuciyarka ta ƙi sakin kuronogiraf ɗin, wato agogon nan mai maɓallan auna tsawon lokaci. Sama da shekara talatin ke nan ina zaune gaban teburin gyaran agogo. A hannun mahaifina na koya, Allah ya ji ƙansa, tun lokacin da alhazanmu ke cika Bab Makka suna sayen Seiko 5 da Rado da Orient don tsarabar gida. Abin da zan faɗa maka, cikin agogon da na buɗe na gan shi.

Ka ɗauki agogo kamar ɗaki, ruwa kuma ɓarawo ne mai neman ƙofa. Agogon nutso ƙofa uku gare shi: bakin gilashi, murfin baya, da ɗan kan da ake murɗawa a yi wani ko a gyara lokaci. Biyu na farko a rufe suke har abada sai ranar da mai gyara ya buɗe. Na ukun kuwa, a agogon nutso na gaskiya, ɗaure shi ake yi kamar noti, ya danne robar da ke ciki ya zauna daram. Kuronogiraf yana da waɗannan ukun, sannan an ƙara huda masa biyu a gefe, maɓallin sama na tayarwa da tsayarwa, na ƙasa na mayar da hannu kan sifiri. Waɗannan ƙofofi biyu ba a yi su don su zauna a rufe ba, aikinsu ke nan su shiga su fita. Abin da ke tsakaninsu da ruwa wata 'yar roba ce da ba ta kai ƙwayar gero kauri ba, kuma duk dannawa ɗaya tana goge ta. A yawancin kuronogiraf masu kamar na da, kan wanin ma ba ya ɗauruwa, turawa kawai ake yi.

Shi ya sa in ka juya bayansu za ka ga ɗaya an rubuta mita 200, ɗayan mita 30 ko 50. Mutane da yawa suna ruɗuwa a nan. Sukan ce, ai ni ko mita uku ba na nutsawa, mita 30 ta ishe ni har da ragi. Ba haka lissafin yake ba. Lambar nan gwajin matsi ce da aka yi wa sabon agogo, robarsa ɗanya, cikin ruwa mai kwanciya, babu zafi babu motsi. Kowace mita goma ta ruwa daidai take da ƙarin matsin iska sau ɗaya. Kamfanonin da kansu in ka karanta takardarsu za su ce maka mai mita 30 na yayyafi ne da wanke hannu, mai 50 ya ɗan fi shi kaɗan, iyo sai daga 100. Kuma wannan duk a ranar da ya fito daga kwali ne. Bayan bazara biyu a Jidda, robar da aka gwada ba ita ce a cikin agogonka ba, ta bushe ta yi tauri.

Yanzu bar maganar Ubhur tukuna. Ko ba ka taɓa sa ƙafa cikin teku ba, kai mutum ne mai alwala sau biyar a yini, kuma wannan ne abin da masu rubuta sharhin agogo a Turai ba sa lissafawa. Sau biyar ruwa zai bi ta tsintsiyar hannunka har gwiwa. Ko dai ka cire agogon ka ajiye a kan dakalin wurin alwala, wata rana ka manta da shi a can, ko ya sulluɓe ya faɗi kan tayil. Ko kuma ka sassauta shi ka ja sama don ruwa ya taɓa fata, ya jiƙe sharkaf. Ka lissafa, sau biyar a kwana 365 ya haura jiƙewa 1,800 a shekara. Sannan ka san yadda ruwan famfo yake a watan Agusta in tankin yana kan rufi, kamar an sauke shi daga wuta. Ka fito daga wannan ka shiga masallaci mai sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka fita ka shiga motar da ta wuni a rana, ka kunna sanyi kuma. Iskar da ke cikin agogo tana kumbura da zafi, tana tsukewa da sanyi, in ta tsuke sai ta zuƙo ta waje ta duk inda ta sami kafa. Iskar waje kuwa a Jidda, musamman ƙarshen bazara, ruwa ce da ba a gani. Wanda ke Riyad ko Madina ƙura ce babbar matsalarsa. Mu na bakin Bahar Maliya danshi ne da gishirin zufa.

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da ya kawo mini kuronogiraf ɗinsa, bai fi wata takwas da saya ba. Batir ya ƙare, ya kai wani shago a cikin kasuwa aka canza masa cikin minti biyu, mai shagon ya mayar da murfin ya ciji robar bai lura ba. Bayan kwana uku yaron ya ga hazo a cikin gilashi. Aka ce masa ya binne shi cikin shinkafa. Hazon ya ɓace daga gilashi, ya ɗauka an gama. Ruwan bai tafi ko'ina ba, sauka ya yi ya kwanta a kan inji. Sai da ya yi sati uku kafin ya zo wurina, lokacin maɓallin ƙasa ya daina dannuwa. Da na buɗe, tsatsa ta bi ƙarafan kamar an barbaɗa jan barkono, fuskar nan mai ruwan madara ta yi tabo daga gefe. Injin na canza masa, fuskar kuwa babu inda zan samo irinta. Albashinsa na wata guda ne ya tafi a haka, kuma har yau ina jin zafin abin, don da ranar farko ya zo da aikin minti ashirin ne.

To amma ba duk mai zobe ne agogon nutso ba, a nan nake son ka buɗe ido. Akwai ƙa'ida ta duniya mai lamba ISO 6425. Agogon da ya cika ta shi ke da izinin rubuta kalmar Diver's a jikinsa tare da yawan mita, kuma mafi ƙaranci mita 100. Ana gwada kowane guda a matsin da ya zarce abin da aka rubuta da kashi 25 cikin 100, wato mai mita 200 sai ya jure 250. Ana tsoma samfurinsa cikin ruwa mai zafin digiri 40, a cire a jefa cikin mai digiri 5, a sake mayar da shi mai zafi. Ana ɗumama shi a ɗiga masa ruwan sanyi a gilashi a ga ko raɓa za ta fito daga ciki. Dole a iya karanta shi cikin duhu, dole zobensa ya zama ba ya juyawa da kuskure ta inda zai cuci mai nutso. Ka duba jerin nan da kyau, ka ga kamar zaman Jidda aka kwatanta. Abu ɗaya ne tekunmu ya fi gwajin: ruwan gishirin da suke jiƙa shi ciki giram 30 ne a lita, Bahar Maliya kuwa yana kai wajen 40, yana cikin tekuna mafiya gishiri a duniya. Don haka duk ranar da kuka dawo daga Ubhur, ɗauraye shi da ruwan daɗi kana juya zoben a ƙarƙashin famfo, in ba haka ba gishiri ya bushe a ciki zoben ya cije.

Seiko 5 Sports ɗin da suka fito daga 2019 kamarsu ɗaya da agogon nutso, sun gaji siffar SKX007 da aka daina yi, amma mita 100 ne kuma kansu ba ya ɗauruwa. Agogo ne mai kyau, zai ɗauki alwala da iyo, sai dai kada wani ya sayar maka da shi da sunan na nutso. Akwai kuma masu mita 200 da kai mai ɗauri waɗanda ba su da shaidar ISO ɗin, kamar Casio Duro da Orient Kamasu. Ga wanda ba zai goya tulun iska ya sauka kan murjani ba, waɗannan sun isa har sun yi yawa. Masu nutson shaƙatawa ma ba sa wuce mita 40, kuma yau kwamfutar hannu suke ɗaurawa.

Sai maganar amfani. Kuronogiraf agogo ne mai agogo na biyu a cikinsa, na auna tsawon abu: ka danna, dogon hannu ya tashi, ka sake dannawa ya tsaya. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, me kake aunawa a yini da ke buƙatar daƙiƙa? Abin da mai kai kaya ke aunawa mintuna ne. Minti nawa na yi ina jiran mai karɓa, minti nawa ya rage a tada iƙama, yaushe na ɗora shayi. Wannan duk zoben agogon nutso yana yi, ba tare da ko haƙori ɗaya ya ƙaru a cikin inji ba. Ka juya shi alamar ta daidaita da hannun mintuna, in ka sake dubawa lambar da hannun ke nunawa a kan zoben ita ce mintunan da suka wuce. Hagu kawai yake juyawa, dalili kuwa shi ne in mai nutso ya buge shi da dutse, ƙara masa lokacin da ya shafe zai yi, ya sa shi ya fito da wuri, ba zai taɓa ruɗinsa cewa da sauran iska ba. Kuma da kallo ɗaya kake karanta shi, hannunka na kan sitiyari, ko cikin duhun asuba. Kuronogiraf mai kamar na da hannayensa sirara ne, da yawa ba su da sinadarin haske ko kaɗan, ƙaramar da'irar mintuna kuwa sai ka kawo ta kusa da ido.

Lambobin da ke kewaye da fuskar kuronogiraf, waɗanda suke farawa daga 400 ko 500 su sauko zuwa 60, na awon gudu ne. Ka danna a alamar kilomita ɗaya, ka tsayar a ta gaba, inda hannu ya tsaya shi ne gudunka a awa. Daƙiƙa 30 na nufin 120. In kana cikin jirgin ƙasa na Haramain ya kai cikakken gudunsa na 300, daƙiƙa 12 zai cinye kilomita. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma motarka tana nuna maka wannan, kuma ba na son ka riƙa kallon hannu a kan titin Makka.

Kada ka ɗauka raina shi nake yi. A duk abin da ke zuwa teburina babu wanda nake jin daɗin buɗewa kamar kuronogiraf mai wani. Tarihinsa ya girmi na agogon nutso nesa ba kusa ba. Louis Moinet ya ƙera irinsa a 1816 don duban taurari, a 1821 kuma Nicolas Rieussec ya yi wanda ke ɗiga tawada a kan fuska don auna sukuwar dawaki a birnin Paris, daga nan sunan ya samo asali, ma'anarsa mai rubuta lokaci. Agogon nutso irin wanda muka sani sai 1953 ya bayyana, da Fifty Fathoms na Blancpain da Submariner na Rolex, Seiko kuma ta fitar da nata na farko a 1965. Siffar da ta kama zuciyarka ta shekarun 1950 da 1960 ce, zamanin shahararrun kuronogiraf irin su Speedmaster na 1957 wanda ya je duniyar wata a 1969, da Carrera da Daytona na 1963. Idonka bai yi ƙarya ba, an yi kyawawan abubuwa a lokacin. A ƙarƙashin hannun farar tobi, wato jallabiya, mai maɓalli, ko kaftani ranar ɗaurin aure, babu agogon nutson da zai kama ƙafarsa.

Sai dai a kuɗin da ke hannunka, kuronogiraf mai kamar na da yawanci iri biyu ne, kuma dole ka san wanne aka nuna maka. Na farko mai wani ne zalla, kusan dukkansu kuma injin ST19 na kamfanin Seagull ne a ciki, wanda aka fi sani a agogon da ake kira 1963. Labarinsa gaskiya ne: a farkon shekarun 1960 masana'antar Tianjin ta ƙasar Sin ta sayi kayan ƙera injin Venus 175 daga Suwizalan don yi wa matuƙa jiragen yaƙinsu agogo, zuriyar wannan injin ce ake yi har yau. Yana da 'yar dabaran nan mai ginshiƙai da ke sarrafa maɓallai, irin wadda ake samu a agogon dubban riyal, shi ya sa dannawarsa take da laushi. In bayansa gilashi ne za ka wuni kana kallo. Amma ƙirar ta haura shekara saba'in, ba ta yafe kuskure. In ka danna maɓallin ƙasa da ƙarfi alhali hannu na tafiya, kana iya lanƙwasa wani abu. In ka matsa masa wani bayan ya cika, haka. Masana'antu da yawa ne ke harhaɗa shi, wani ya zo da mai daidai, wani ya zo a bushe, wani da ɗan gashi kwance a kan inji. Ranar da ya buƙaci wanki kuwa, sai na warware shi ɗaya bayan ɗaya, in wanke, in sa mai, in mayar, in daidaita zurfin haƙoran da ke kama juna. Aikin yini guda ne cur, ladan aikin kuma yakan kai rabin kuɗin agogon ko ya fi. Masu iya shi a garin nan ba su da yawa, mafi yawan shagunan da kake gani canjin batir da rage sarƙa suka sani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni dai burina ka san rariya ce kafin ka biya.

Gwada wannan da injin da ke cikin agogon nutso masu araha, NH35 ko 4R36 na Seiko, ko F6922 na Orient. Otomatik ne, motsin hannunka ke yi musu wani, in ka ajiye su sukan yi wajen awa 40 kafin su tsaya. Ba su da kyan gani, amma jakuna ne wajen ɗaukar wahala. NH35 ya cika duniya har ta kai in ya lalace ba a ɓata lokacin gyara shi, sabo ake sakawa sukutum, kuma kuɗinsa bai kai ladan wanke kuronogiraf ba.

Iri na biyu shi ne ɗan ruwa biyu, injin Seiko VK63 ko VK64. Batir ke riƙe lokaci, amma sashen awon na ƙarafa ne, saboda haka maɓallin yana ƙara ƙas a ƙarƙashin yatsa, dogon hannu yana tafiya sumul yana taka biyar a daƙiƙa, in ka mayar da shi kuma tsalle ɗaya yake yi ya koma sifiri. Ƙananan kamfanoni irin su Dan Henry a kansa suka gina yawancin kuronogiraf ɗinsu masu kamar na da. In ka ce lallai sai kuronogiraf, wannan nake so ka saya, ba mai wani ba. Lokacinsa daidai yake, bai fi kuskuren 'yan daƙiƙu a wata ba, yana jure girgizar mota, batirinsa na kai shekara uku. Nemi wanda aka rubuta wa mita 100 in akwai, kada ka sauka ƙasa da 50. Sannan ka ɗaure wa kanka sharaɗi biyu: ba ka danna maɓalli da jiƙaƙƙen hannu, kuma ranar Ubhur a gida zai kwana. Duk lokacin canjin batir ka tsaya a kan mai gyara ya duba robar murfi, ya shafa mata mai, in ta bushe ya canza.

Agogon nutso ma yana da nasa aibin, ba zan ɓoye maka ba. Ƙato ne. Kamasu ya kusa milimita 42 a faɗi, Duro 44, Seiko mai laƙabin Kunkuru 45, alhali 1963 na asali 38 ne. Kaurinsu na kai milimita 13, in hannun tobinka mai matsewa ne zai riƙa maƙalewa, kuma in tsintsiyar hannunka siririya ce zai zauna kamar an ɗora maka faifai. Na biyu, otomatik mai araha ba ya riƙe lokaci kamar waya. Kamfanin da kansa ya yarda NH35 ya yi gaba da daƙiƙa 40 ko baya da 20 a yini, ko da yake yawancinsu sun fi haka kirki, kuma mai gyara na iya matse shi ya dawo ƙasa da goma. Wanda ya saba da agogon Alfajr mai kiran salla a kan daƙiƙa zai ga kamar an cuce shi. Ba a cuce shi ba, haka ɗabi'ar injin take, sau ɗaya a mako ka daidaita shi. In kuwa ka ga rana ɗaya ya fara gudu da minti biyar ko goma a yini, kada ka tsorata, maganaɗisu ne ya kama siririn zaren ƙarfe mai kama da gashi da ke cikinsa. Kai da ke aiki da mariƙin waya mai maganaɗisu a mota sai ka kula, kada ka riƙa ajiye agogo a kansa ko kan lasifika. Cire maganaɗisun aikin minti ɗaya ne a wurinmu.

Da ni ne kai da riyal 1,200 a aljihu, Citizen Promaster mai cin hasken rana zan fara nema, mai mita 200 da shaidar Diver's. Dalilina ɗaya ne kuma ya koma kan maganar ƙofofi: ba ya buƙatar canjin batir duk bayan shekara biyu ko uku, saboda haka murfinsa zai yi shekaru ba wanda ya taɓa shi. In ya ƙoshi da haske yana yin kusan wata shida a cikin duhu, rana kuwa ba abin da muka rasa ba ne a ƙasar nan. Kada dai ka shanya shi a gaban gilashin mota da azahar, zafin wurin yana kashe ma'ajiyar wutarsa. In ranka na son mai inji mai bugawa, Kamasu. Akwai kuma hanya ta uku da nake ba samari da yawa shawara: Casio Duro bai wuce riyal ɗari biyu da wani abu zuwa ɗari uku ba, ya zama na aiki da alwala da teku, ragowar kuɗin ka sayi kuronogiraf ɗan ruwa biyu na Juma'a da biki. Ka ce ɗaya tak za ka iya saya, amma lissafin yana iya ba ka biyu, kuma kuronogiraf ɗin da ake ɗaurawa sau ɗaya a mako zai yi shekara goma fes. In daga waje za ka yi oda ta intanet, riyal 3.75 ne dala ɗaya, ka ƙara harajin kashi 15 da kuɗin kawowa kafin ka ce ya yi araha, ka kuma tuna in ya zo da matsala mayar da shi wahala ce.

Ka duba gilashi ma. Ƙurar da iska ke kwasowa daga sahara tana da ƙwayoyin yashi masu taurin 7 a ma'aunin da lu'ulu'u ke da 10. Gilashin roba mai tudu irin na 1963 da kuma gilashi na gama-gari duk ba su kai yashi tauri ba, in ka goge su da hannun riga suna da ƙura, kai da kanka kake karce su. Na roba yana da sauƙi ɗaya, ana goge karcensa ya koma sabo. Gilashin safaya taurinsa 9, yashi ba ya yi masa komai, shi ne a kan Kamasu. Maɗauri kuwa, kuronogiraf mai kamar na da yawanci da fata yake zuwa, fata kuma ba ta shekara a hannun mai zufa a Jidda, tana baƙi, ta yi wari, ta tsage a bakin rami. Sarƙar ƙarfe ko roba ko zare su ne namu. In za ka shafa turare, shafa ya bushe kafin ka ɗaura, don mai da barasar turare suna cin fata da roba.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kada wani ya ja ka Haraj, kasuwar gwanjo, ko shafukan sayar da kwance ya ce ga na da na ainihi a riyal ɗari uku, me za ka yi da kwaikwayo. Yawancin tsofaffin agogo masu fuska mai sheƙi da launi kala-kala da ke yawo a kasuwa haɗe-haɗe ne, an tattara gawarwaki uku an yi ɗaya, an sake fentin fuska, an rubuta sunan kamfani. Na ainihin ma da suka yi shekara hamsin a hannun mutanen bakin teku, in ka buɗe za ka tarar zufa ta rarake bakin murfin, ko sabuwar roba ka sa ba za ta toshe ba. Wannan fage ne na wanda ya riga ya san kan abin. Kai sayi sabo, a wurin wakili ko shagon da zai ba ka fatura, wato rasit, da katin garanti mai hatimi da kwanan wata, ka tabbata lambar da ke bayan agogon ita ce a kan katin.

Ranar da za ka je saye, sa tobin da ka fi sawa, ka ɗaura agogon ka maɓalle hannun rigar a kansa, ka lanƙwasa hannu kamar kana riƙe da sitiyari ka ji ko kan yana sukar bayan hannunka. Kwance kan ka sake ɗaure shi sau biyu ko uku, ya kamata ya shiga sumul ba tare da gurzawa ba. Dabarar ita ce ka danna ka ɗan juya baya har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka ɗaure, kuma da yatsa biyu, ba da ƙarfi ba. Juya zoben zagaye guda ka ga alamar ta dawo daidai kan sha biyu. Rufe agogon da tafin hannu ka leƙa ko hannayen suna haske. Bayan ka saya, kada ka canza kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran kwanan suna cikin aiki. Duk shekara biyu ka kai a gwada masa matsi kafin bazara ta shigo. In kuma wata rana ka ga hazo a cikin gilashi wanda bai washe cikin 'yan mintuna ba, ko wanne ka saya a cikin biyun, kada ka sa shi cikin shinkafa, kada ka jira Asabar, kai shi a buɗe a busar a ranar.